Ma'anar "gubar dalma": ƙura ake nufi, ba fentin da ke jikin bango ba

Tun da Hukumar Kare Muhalli ta Amurka, wato EPA, ta fitar da sabuwar ƙa'idarta kan tsofaffin gidaje a watan Oktoban 2024, kalmar "gubar dalma" ta sake dawowa bakin masu karanta labarai. Dama duk ƙarshen Oktoba akwai mako guda da Hukumar Lafiya ta Duniya take warewa don wayar da kai a kan wannan guba, sai abin ya zo a haɗe. A wani shiri na ji mai gabatarwa yana cewa Amurka ta haramta fentin dalma, ta kuma umarci masu gidaje su kankare shi. Jimla ɗaya, kuskure biyu. Haramcin sayar da fentin dalma don shafa wa gidaje tun 1978 aka yi shi. Sabuwar ƙa'idar kuwa ba ta ce wa kowa ya kankare komai ba, kuma da wani zai ji wannan shiri ya tashi ya ɗauki wuƙa da samfefa, da ya jawo wa 'ya'yansa ainihin abin da ake gudu.

Ita kanta kalmar dalma, ko darma kamar yadda wasu ke faɗa, mun ɗora mata kaya da yawa. Mai gyaran rediyo yana kiran wayar da yake narkawa ya liƙe da ita dalma, alhali gami ce ta kuza da dalma. Uwar gida tana cewa tukunyar dalma, alhali alminiyam take nufi. Dalmar da likitoci ke magana a kanta ita ce wadda ke cikin batirin mota, wadda masunta ke ƙulla wa bakin koma don ta nutse: ƙarfe ne mai nauyi, toka-toka, mai taushin da farce ma yana iya yi masa zane. Masana kimiyya suna rubuta ta da alamar Pb, daga sunanta na Latin, plumbum. Rumawan dā da ita suke ƙera bututun ruwa, shi ya sa mai aikin famfo ya sami sunan da muka ara muke cewa fulamba. Wata ƙanwar mahaifiyata da ta ji labarin a rediyo ta kira ni tana tambaya ko ta zubar da tukwanenta. Na ce mata alminiyam daban, dalma daban, sai dai tukunyar da aka narka daga tarkacen injin mota da tsofaffin ƙarafa tana iya ɗauko dalma a jikinta, kuma wani bincike da aka yi a Kamaru ya gano hakan. Amma ba wannan ruɗanin ne ya fi ci mini rai ba.

Wanda ya fi damuna yana cikin kalmar "guba". Bahaushe in ya ji guba, maganin ɓera ne ke faɗo masa a rai, ko dafin maciji: a sha, a faɗi, a yi ta kumfa. Abin da ya faru a Zamfara a 2010 ya ƙara kafa wannan hoto a zukatanmu. A ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, ana niƙa dutsen zinariya a cikin gida, dutsen kuma cike da dalma. Yara fiye da 400 suka rasu, da yawansu bayan jijjiga da suma. Ƙaramar na'urar gwajin jini da aka shiga da ita ƙauyukan ba ta iya karanta abin da ya haura maikirogram 65 (maikirogram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram) a kowane desilita, wato kashi ɗaya cikin goma na lita, na jini, yara da dama kuma sun zarce nan. To, tun daga lokacin, in ka ce gubar dalma, mutane gawa suke jiran gani. Yaro yana wasa, yana cin abinci, ba ya jijjiga? Ai lafiyarsa ƙalau.

Ba haka abin yake ba, kuma ina so a ji ni da kyau. Mafi yawan yaran da dalma ta taɓa babu wata alama da ake gani a jikinsu. Ƙwaƙwalwa take ci a hankali: yaro ya yi jinkirin magana, ya kasa riƙe karatu, ya kasa zama wuri ɗaya, a makaranta a ce daƙiƙi ne, a gida a ce ƙiriniya ce ta yi masa yawa. Abin da ta lalata kuma ba ya dawowa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, a 2021 ta sauko da ma'aunin da take cewa a fara bibiyar yaro daga maikirogram 5 zuwa 3.5. Ka auna 3.5 da 65 ɗin Zamfara. Hukumar Lafiya ta Duniya ma cewa ta yi babu wani adadi na dalma a jinin yaro da aka san ba ya cutarwa. Jikin ƙaramin yaro yana zuƙar ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke zuƙa, in ga yunwa da ƙarancin jini kuwa abin ya ƙaru. Sannan tana kwanciya a ƙashi da haƙora shekara da shekaru, har yarinya ta girma ta yi ciki, ta fito daga ƙashin ta shiga jikin ɗan tayi.

Yanzu ga abin da sabuwar ƙa'idar ta taɓa. Ƙura ce. Fentin dalma da ke lafe a jikin bango, bai tsage ba, bai ɓamɓare ba, ba shi ne babban abin tsoro ba. Tsofaffin gidajen Amurka da yawa na katako ne, tagoginsu irin waɗanda ake turawa sama a sauke ne. Duk buɗewa da rufewa katako yana gogar katako, fentin shekara sittin yana zama gari mai laushin da ido ba ya gani, ya sauka a gindin taga da daɓe. Yaro mai rarrafe ya dafa, ya kai hannu baki. Shi ke nan. EPA ta ƙiyasta cewa gidaje wajen miliyan 31 da aka gina kafin 1978 har yanzu da wannan fenti a jikinsu, kusan miliyan 3.8 daga ciki kuma akwai yaro ɗan ƙasa da shekara shida.

Yadda ake gwajin, mai bincike zai goga ɗan ƙyalle mai danshi a kan daɓe, a fili mai faɗin murabba'in ƙafa ɗaya, ya aika ɗakin gwaje-gwaje. A 2001 sai an sami maikirogram 40 ake cewa akwai haɗari. A 2019 aka mai da shi 10. A 2024 aka ce duk adadin da ɗakin gwajin da hukuma ta amince da shi ya iya ganowa, komai ƙanƙantarsa, haɗari ne. Sai kuma lamba ta biyu, wadda ake dubawa bayan an gama aikin gyara kafin a ce aiki ya kammala: a daɓe daga 10 ta koma 5, a gindin taga daga 100 ta koma 40, a kwarmin da murfin taga ke sauka daga 400 ta koma 100.

Waɗannan lambobi ba sa shiga kai sai an kwatanta. Maikirogram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Ɗauki dunƙulen magi ɗaya, giram huɗu ne, ka raba shi huɗu. Kaso ɗaya, in dalma ce zalla aka niƙa aka barbaɗa daidai wa daida a kan maikirogram 5 kowace murabba'in ƙafa, zai rufe murabba'in ƙafa 200,000. Wato filin ƙwallon ƙafa biyu da rabi, har da ɗoriya. Rubu'in magi ke nan. Tsohon fenti kuwa, wanda dokar Amurka ke kira fentin dalma, aƙalla rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa dalma ce, na zamanin farar dalma ma ya ninka haka nesa ba kusa ba. Yanzu ka tuna tulin garin da ke zuba ƙasa in mai fenti ya goge ƙofa ɗaya tak da samfefa.

Na taɓa tsayawa a ƙofar gidan wani maƙwabcinmu ana shirin biki. Mai fenti ya tsuguna yana goge tsohon fentin get, ja ne, a bushe, garin yana tashi yana sauka a kan gashin girarsa. Yara uku na zaune a dakali suna cin gyaɗa, ƙaramarsu tana tsintar wadda ta faɗi ƙasa. Da ya gama aka miƙo tsintsiya aka share zuwa cikin zaure. Ban san abin da ke cikin wancan fenti ba, shi ma mai fentin bai sani ba, don ba a gane dalma da ido ko da hanci. Amma an sha gwada fentin mai da ake sayarwa a kasuwannin Afirka, har da Najeriya, ana samun dalma mai yawa, musamman a rawaya da ja da ruwan lemo, domin daga sinadarin dalma ake samo waɗannan launuka da araha. Iyakar da Amurka ta sa wa sabon fenti tun 2009, wadda ƙasashe da yawa suka ɗauka, ita ce kashi 90 cikin miliyan.

Shi ya sa fassara aikin da "kankarewa" take ba ni haushi. Abin da dokar Amurka ke nufi da kawar da haɗarin dalma aiki ne na ƙwararre mai lasisi, kuma sau da yawa ba a ma taɓa fentin: a cire tagar gaba ɗaya a sa sabuwa, ko a rufe bangon da wani allo, ko a shafe shi da wani abu mai kauri mai liƙe fentin a ciki, da nufin ya yi aƙalla shekara 20. In dole sai an cire, a fitar da yara da masu ciki, a shimfiɗa leda, a jiƙa wurin kafin a goge, a tsotse ƙurar da injin mai matata ta musamman. Tun 2010 an hana 'yan kwangila babbake irin wannan fenti da harshen wuta, ko goge shi da inji marar matata. Zamfara ma abin da ta koyar ke nan: sai da aka kwashe ƙasar saman tsakar gidaje aka zuba mai tsafta, domin likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun san banza ne a ba yaro maganin fitar da dalma a mai da shi cikin ƙurar da ya kwaso ta.

Ni dai ina ganin EPA ta yi daidai da ta daina cewa ga wani adadi da ba komai. Masu gidajen haya suna kukan tsadar aiki, kukan kuma ba ƙarya ba ne, amma yaron da ke rarrafe ba shi ya zaɓi gidan ba. Inda ƙa'idar ta gaza a wurina shi ne ba ta tilasta wa mai gida ya yi gwajin ba tun farko. Wata dokar Amurka ta 1992 ta wajabta wa mai sayarwa ko mai ba da hayar tsohon gida ya faɗi abin da ya sani game da dalma, amma wanda bai gwada ba sai ya ce bai sani ba. A tsofaffin unguwannin birane irin su Baltimo da Kilibilan, inda talakawa da baƙar fata suka fi yawa, sau da yawa sai an ɗebi jinin yaro an ga dalma sannan a je a duba gidan.

Ita ƙanwar mahaifiyar tawa, tukwanenta suna nan. Abin da na roƙe ta shi ne, ran da za a yi wa ƙofofinta fenti ta kai jikokinta maƙwabta, ta sa a yayyafa ruwa kafin a goge, bayan an gama kuma a bi daɓe da jiƙaƙƙen tsumma a jefar da shi, domin tsintsiya tayar da wannan ƙura kawai take yi.