Mene ne bayomaka, kuma me ɗigon jini ke faɗa game da abinci?

In ka tambayi uwa me ɗanta ya ci jiya, za ta ce tuwon dawa da miyar kuka. Gaskiya ta faɗa. Amma loma nawa ya samu a kwanon da yara biyar suka sa hannu? Ita ma ba ta ƙirga ba, wata kuma kunya ke sa ta ƙara nama a labarin. Shi ya sa ma'aikatan lafiya ke neman shaida daga jikin kansa. Abin da suke kira bayomaka ke nan: wani sinadari da ake aunawa a jini, fitsari ko nonon uwa, ya nuna abin da ya shiga jiki ya zauna.

Wanda aka fi sani shi ne himogulobin, sinadarin da ke sa jini ya yi ja; in ya yi ƙasa, shi ne ake cewa ƙarancin jini. A tsikari yatsa, a sa ɗigon jini a wata 'yar na'ura, nan take lamba ta fito. Da irin wannan awon ne binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya gano yara 68 cikin 100, 'yan wata 6 zuwa 59, suna da ƙarancin jini, haka ma mata 58 cikin 100 'yan shekara 15 zuwa 49. Aidin kuwa, wanda rashinsa ke kawo maƙoƙo, a fitsari ake duba shi, kuma na jama'a ake haɗawa don na mutum ɗaya yakan sauya daga yau zuwa gobe.

Sai dai karanta lambar yana son natsuwa. Ƙarancin jini ba kullum daga abinci yake ba. Zazzaɓin cizon sauro, sikila da tsutsar ciki duk suna jawo shi. Don a rarrabe sai a auna feritin, wato rumbun da jiki ke ajiye sinadarin ayon (ƙarfe), wanda jiki ke samu daga abinci ya yi jini da shi. Shi kuma feritin da halinsa: da zarar cuta ta kama jiki sai ya hau. Yaron da zazzaɓi ya kayar a tsakiyar damina, awo zai iya cewa rumbunsa cike yake, alhali ko ƙwaya babu. Na bitamin A akasin haka yake yi, faɗuwa yake.

Saboda haka masu bincike kan haɗa da awon CRP da AGP, alamun da ke nuna jiki na fama da cuta, su gyara lissafi kafin a ce wa gwamnati ta raba ƙwayar ƙarin jini ko ta fara raba gidan sauro.