Me ake nufi da "aikin kwana huɗu a mako"?

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 wannan magana ta zauna a bakin ma'aikatan Katsina. Wanda yake tasowa daga Batagarawa ko Rimi kullum zuwa sakatariya ya san abin da kuɗin mota ke yaga daga albashinsa, don haka ko kwana ɗaya aka ɗauke masa ya ji sauƙi. Sai dai masu faɗin kalmar ba abu ɗaya suke nufi ba.

Akwai tsarin da ake rage kwana, a ƙara awa. Shi Kaduna ta fara a ranar 1 ga Disamba 2021, zamanin Malam Nasiru El-Rufai: Litinin zuwa Alhamis, daga 8 na safe zuwa 5 na yamma, ranar Juma'a kowa ya yi nasa daga gida. Gwamnatin ta ce tana so ma'aikaci ya samu lokacin iyali, da hutu, da noma. Wannan na ƙarshen ya fi kama hankalina, domin ma'aikaci nawa ne a nan ba shi da 'yar gonar gero ko wake a ƙauyensu? Da damina, kwana uku a jere ba ƙaramin abu ba ne ga mai noman farko.

Ɗayan kuwa, wanda Turawa suka fi nufi, shi ne 100-80-100. A ba ka albashi cikakke, ka yi kashi 80 na lokacin da ka saba, amma aikin ya fita yadda yake fita a da. An gwada shi a Birtaniya a 2022, kamfanoni 61 da ma'aikata kusan 2,900, na tsawon wata shida. Da aka gama, 56 daga cikin kamfanonin suka ci gaba da shi. Masu ajiye aiki sun ragu, haka ma masu neman hutun rashin lafiya. Ba wani siddabaru a ciki: taruka marasa kan gado aka datse, da zaman jiran lokacin tashi.

Mu dai faɗa wa kanmu gaskiya, Juma'ar ofis a garin nan da ma rabin rana ce. Kafin azahar an watse, kowa ya tafi shirin masallaci. An ƙona mai an zo, an kunna janareta, fayil bai motsa ba. Kuma hutun kwana biyu a jere ba baƙo ba ne a wurinmu. Makarantar allo tun kaka da kakanni Alhamis da Juma'a take hutawa.

Inda gizo ke saƙar shi ne asibiti da aikin tsaro, waɗanda ba a rufewa, sai dai karɓa-karɓa. Ɗan acaba da mai sayar da abinci a bakin sakatariya kuwa, ranar da ma'aikata suka huta cinikinsu ne ya huta.