Waiwaye: hanyar da tramol ya biyo har ya iso Damagaram

Bara waccan, da hantsi, ina tsaye kusa da kasuwar Dole, wani saurayi ɗan kabu-kabu da ke jiran fasinja ya sulale daga kan babur ya faɗi. Jikinsa ya sandare, ya shiga shure-shure, kumfa na fita ta bakinsa. Jama'a suka kewaye shi amma kowa na ja da baya, don har yau akwai masu ganin cewa yawun mai farfaɗiya na sa wa mutum ciwon, alhali ba haka ba ne. Wata tsohuwa mai ƙosai ta ce, "Wayyo ɗan nan, iska ne suka buge shi, a nemo malam." Abokin sana'arsa, wanda ya durƙusa yana juya shi ta gefe, ya ce, "Iya, ba iska ba ne. Ƙwaya biyu ya jefa a kofi tun asuba, kuma ko loma bai sa a cikinsa ba." Bayan ƴan mintoci yaron ya farfaɗo yana dube-dube, bai san abin da ya faru ba. Abin da ya fara tambaya shi ne makullin babur.

Ƙwayar da ake magana a kanta ita ce tramadol, wadda bakinmu ya gajarta zuwa tramol. Masana a kamfanin Grünenthal na ƙasar Jamus ne suka haɗa maganin a 1962, aka fara sayar da shi a 1977 da sunan Tramal, kuma daga wannan suna ne namu ya samo asali. Neman da ake yi a lokacin tsoho ne: maganin zafin ciwo mai ƙarfin ofiyom, wato ƙaron wani tsiro mai kashe zafi da sa maye, amma wanda ba ya kama mutum. Tun farkon ƙarni na 19 wani mai haɗa magani Bajamushe, Sertürner, ya tace morfin daga ofiyom. A 1832 aka fitar da kodin a Faransa. A 1898 kamfanin Bayer ya fito da hiroyin yana tallarsa a matsayin maganin tari. Kusan kowanne da ya zo sai a ce wannan karon an dace, daga baya a gane ba a dace ba. Tramol ma da wannan kirari ya shigo, cewa mai sauƙi ne, ba kasafai yake zama jaraba ba.

Mu kuwa a nan ba baƙi ba ne ga abin da ke taɓa ƙwaƙwalwa. Goro da ayarin fatake ke kawowa daga Gwanja yana kore barci da gajiya, shayi ma haka, taba ma haka. Zaƙami kuwa kowa ya san aikinsa: baki ya bushe, ido ya buɗe, mutum ya yi ta zance da waɗanda ba su nan. Bambancin shi ne waɗannan duk an san iyakarsu a al'ada, an san wa ke ci, yaushe, da kuma nawa. Ƙwaya ta zo ba tare da wannan sani ba.

Kafin a gane dalilin da ya sa tramol ya bambanta da sauran, sai an ɗan leƙa cikin jiki. Duk maganin da aka haɗiya hanya ɗaya yake bi: hanji ya tsotse shi ya shiga jini, jini ya kai shi gaɓoɓi, hanta ta sarrafa shi, ƙoda ta fitar da ragowar cikin fitsari. A ƙwaƙwalwa da laka kuma, jijiyoyi suna aika wa juna saƙo ne ta wasu sinadarai, kowane sinadari da irin makullin da yake buɗewa. Morfin ƙofa ɗaya yake bi, ya zauna a gurbin da jiki ya tanada don rage raɗaɗi, sai zafi ya lafa, barci ya zo, numfashi ya yi sanyi. Tramol kuwa ƙofa biyu gare shi. Ta farko irin ta morfin ce, sai dai shi kansa ba shi da ƙarfi sosai a nan, sai hanta ta juya shi zuwa wani sinadari da ya fi shi kama gurbin nesa ba kusa ba. Ta biyu ita ce yana hana jijiyoyi janye sinadarai biyu, serotonin da noradirenalin, bayan sun isar da saƙo, sai su taru su daɗe suna aiki, kamar yadda wasu magungunan ciwon damuwa ke yi.

Wannan ƙofa ta biyu ce ta sayar da shi a ƙasarmu. Mai shan ofiyom kwanciya yake yi, mai shan tramol kuwa a farko ji yake gajiya ta tafi, yunwa ta tafi, zuciya ta yi fari, yana iya tura kurar ruwa mai jarka goma daga famfo zuwa Birni ya dawo ya sake. Kuma ita ce dai ke kayar da mutum, domin taruwar sinadaran nan na sa ƙwaƙwalwa ta yi saurin tartsatsi, sai farfaɗiya ta zo ko ga wanda ba a taɓa saninsa da ita ba. A likitance ana ba babba miligiram 50 zuwa 100 a sha ɗaya, kuma ba a so ya wuce 400 a yini. Ƙwayoyin da ke yawo a tasha an rubuta musu 120, 200, 225, har 250. Ke nan yaron kasuwar Dole, idan masu 225 ya sha, ya haye iyakar yini guda kafin rana ta fito. Ga shi kuma hantar mutane ba ɗaya ba ce: wasu gadon jininsu na sa su juya maganin da sauri ƙwarai, wasu da ƙyar. Shi ya sa samari biyu za su sha iri ɗaya, ɗaya ya yi ta aiki, ɗaya a kwashe shi. Wanda ya ce "ai wane yana shan huɗu bai mutu ba" bai san da hantar wa yake auna tasa ba.

To ta yaya maganin asibiti ya sauka a tiren mai talla? A ganina amsar ta fara ne tun kafin tramol ya iso. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka amince a Bamako da tsarin da ya sa majinyaci ya riƙa biyan wani abu na kuɗin magani. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, kuma da yake kusan duk maganinmu daga waje yake zuwa, talaka ya ga farmasi ta yi masa nisa. Nan masu sayar da magani a ƙasa suka samu kasuwa. Su ba sa tambayar takardar likita, suna sayar da ƙwaya ɗaya ɗaya, suna ba da bashi, kuma suna jin yaren mai saye: maganin gajiya, maganin ciwon jiki, maganin ƙarfi. Kano kuwa tafiyar ƴan awoyi ce ta Matamaye ko ta Magarya, kuma hanyar da ta ɗauki fata da gyaɗa shekaru aru-aru ba ta rasa wurin katon ɗin ƙwaya ba. Lokacin da kamfanoni a Indiya suka fara buga tramol mai arha, ana sauke shi a tashoshin ruwan Kwatano da Lome da Legas, ya tarar da shago a buɗe, da mai jiran shago, da masu saye.

Akwai kuma giɓi a doka. Yarjejeniyar duniya ta 1961 ta ɗaure morfin da kodin da danginsu, ta 1971 ta ɗaure irin su diyazefam, wanda aka fi sani da Valium. Tramol bai shiga ko ɗaya ba. Kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sha duba lamarin, har a 2018, bai ba da shawarar a sa shi a jerin ba, kuma babban abin da aka ji tsoro shi ne kada a raba majinyatan ƙasashe matalauta da kusan maganin raɗaɗi ɗaya tilo da ke isa gare su. Sai aka bar kowace ƙasa ta ɗaure nata. Masar ta tsaurara a 2012, Amurka a 2014. Kwantena na iya barin wata ƙasa da halal ɗinta, ta zama haram sai bayan ta iso. A 2017 jami'an Italiya suka kama ƙwaya sama da miliyan 37 a tashar Jenowa, an nufi Libiya da su. Mu da ke kan hanyar Tanut da Agadas ba ma bukatar a faɗa mana ta ina irin wannan kaya ke ratsawa idan ya biyo ƙasa.

Wani labari da ke ba ni dariya da tausayi tare shi ne na tafashiya. A 2013 wasu masu bincike a Faransa suka ba da sanarwar cewa sun samu tramadol a saiwar wannan itace da aka ɗebo daga Kamaru, aka yi ta murna cewa ashe Allah ya riga Bature haɗa maganin a dajinmu. Shekara guda bayan haka wasu masana a Jamus suka bi sawu, suka nuna cewa a arewacin Kamaru manoma na sha suna kuma ba shanun huɗa don su jure rana, fitsarin mutane da na dabbobi ya jiƙa ƙasa, itace ya tsotsa. Ƙwayar ta yi yawa har ƙasa ta ɗauka.

Wannan na nuna wa ke sha. A bakin mutane, tramol abin ƴan iska ne, na samarin fada da ƴan pale, wato gungun matasan unguwa masu faɗa da adda. Akwai su, ba na musu. Amma wanda ya zauna wurin mai shayi da asuba ya san mafi yawan masu miƙa hannu leburori ne: ƴan ga-ruwa a garin da ƙishirwa ta daɗe tana damunsa, masu fasa dutse, masu dako, ƴan ƙwadago lokacin noma, da samarin da suka tafi haƙar zinariya Jado tun daga 2014 suka dawo da ɗabi'ar. Sun fara ne don aiki ya yiwu. Sai jiki ya saba, ƙwaya ɗaya ta daina isa, domin jijiyoyi na rage jin maganin da ake ba su kullum. Rabin abin da aka sha na barin jini cikin kamar awa shida, don haka wanda ya saba, da gari ya waye zai ji ciwon gaɓoɓi, gumi, hamma, zawo, ga ƙunci da fargaba, har wasu su ce suna jin kamar lantarki na ja musu kai. A nan ne mutum ke daina sha don ya yi aiki, ya koma yin aiki don ya samu na sha. Idan barci ya ƙi, sai a ƙara da diyazefam, shi kuma haɗuwarsa da tramol na danne numfashi, wasu daga barcin nan ba su tashi ba.

Shekarar 2018 ce aka ga kamar an juya. A watan Afrilu Indiya ta sa tramadol cikin dokarta ta miyagun ƙwayoyi, a watan Mayu Najeriya ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin bayan wani binciken BBC. A nan gida ma hukumar yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi, OCRTIS, da jandarmomi da ƴan duwan suna kamawa, ana tara kaya a ƙona a gaban hukuma. Ƙwaya ta yi tsada, ta koma ƙarƙashin tebur. Ba a jima ba sai ga wata a cikin irin fakitin da aka saba, da lamba 225 ɗinta, amma cikinta tafentadol ne, wanda ya fi tramol ƙarfi, an gauraya shi da karisofurodol, maganin sassauta tsoka da Turai ta janye daga kasuwa saboda yana kama mutum. Sai a watan Fabrairun 2025 Indiya ta hana haɗa wannan gauraye da fitar da shi. Mai saye a tasha har yau tramol yake ce wa duk abin da aka ba shi, kuma ma'aikacin asibitin da aka kawo wa shi a sume bai san da wane magani yake kokawa ba.

Ɓangaren da ba a cika faɗa ba shi ne na masu ciwon gaske. Ina da ƴar ƙanwa mai amosanin jini, kuma duk wanda ya kwana da mai wannan ciwo ran da ya tashi ya san irin kukan. Likita ya rubuta mata tramadol mai 50, daidai ƙa'ida. Na zaga farmasi uku da takardar a hannu. Ta farko babu, a ta biyu aka yi mini kallon da ake yi wa ɗan ƙwaya, a ta uku ma'aikaciyar ta daɗe tana juya takardar kafin ta ce, "Kawu, ka yi haƙuri, yanzu tsoro muke ji, sai mun tabbatar da hatimin." Ban ga laifinta ba. A hanyata ta komawa na bi ta gaban tasha, inda na san da zan tsaya in yi magana ƙasa-ƙasa da mai teburin da ke gindin bedi, da na samu mai ninki huɗu na abin da likita ya rubuta, ba takarda, ba hatimi. Na wuce da fakitin farmasi a aljihu, na tarar uwar yarinyar na gasa mata ƙafa da ruwan ɗumi.