Waƙar biki da ƙirƙirarriyar basira: abin da manhaja ke iyawa da inda take tuntuɓe

Matasan Hausawa masu haɗa waƙar shigo da amarya a Jidda da Makka, wadda ake kira zaffa a nan, sun fara gwada manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu haɗa waƙa irin su Suno da Udio. Ga tambayoyin da suka fi yawa a bakinsu.

Yaya na'ura ke tsara kiɗa?

Hasashe take yi. Ana ɗura mata waƙoƙi masu ɗimbin yawa, a daddatsa sautin gutsi-gutsi, kowane gutsure a ba shi lamba. Misali, MusicGen, wani tsarin haɗa kiɗa na kamfanin Meta wanda ya fito a 2023, da kiɗan awa 20,000 aka horar da shi, kuma gida 50 yake raba kowace daƙiƙa. Da ka rubuta abin da kake so, sai ta riƙa zaɓo lambar da ta fi dacewa ta biyo bayan 'yar'uwarta, sannan a mayar da lambobin su koma sauti. Abin da ba ta taɓa ji ba, ba ta da inda za ta samo shi.

Me zan rubuta mata?

Gurbi biyu ne, na baitoci da na salo. A na salo ka faɗi kayan kiɗa, muryar mace ko ta namiji, da sauri, misali bugu 100 a minti. Baitocin kuma su zama gajeru, gaɓa 8 zuwa 10 a layi, ka ware amshi daban. Dogon layi ne ke sa ta haɗiye kalmomi.

To me ya sa Hausar ke fita kamar ta baƙo?

Nan gizo ke saƙar. Hausa na da karin sauti da tsawon wasali, rubutunmu kuwa ba ya nuna ko ɗaya. Kukan jariri da kukar miya, a takarda duk "kuka" ne. Mawaƙin da ya sha Hausa a nono yana ɗora karin waƙa a kan hawa da saukar kalma ba tare da ya yi tunani ba, kamar yadda kalangu ke bin magana. Manhaja kuwa karin take fara ginawa, ta cusa kalmomin ciki ko sun shiga ko ba su shiga ba. Ga ƙ da ɗ da ɓ: sau da yawa "ƙafa" kan koma "kafa". Dabarar da ke ɗan taimakawa ita ce ninka wasali mai tsawo, ka rubuta "gaarii" in garin tuwo kake nufi. Amma sunan amarya da na iyayenta ba abin wasa ba ne a ranar biki. Ka karɓi kiɗan daga manhaja, muryar a ɗauka a sutudiyo da bakin mutum.

Idan dangi sun ce mandiri kawai, ban da kayan kiɗa?

Ko ka rubuta haka, takan saƙalo fiyano a ƙarƙashi. Wata manhaja mai suna Demucs na raba waƙa gida huɗu: murya, ganguna, bes (kiɗan ƙasa mai kauri) da sauran kaya. Ka cire biyun ƙarshe, ka saurara da abin kunne, domin burbushinsu kan maƙale a jikin murya.

Salon Larabawa fa?

Maƙamai, wato tsare-tsaren karin waƙar Larabawa, irin Bayati da Rast suna da rubu'in sauti, wanda ya faɗo tsakanin maɓallan fiyano biyu. Manhajar ta fi sabawa da sautuka 12 na Turawa, don haka takan ja shi zuwa mafi kusa, daɗin ya tafi. Mai udu, garayar Larabawa, na gaske ya buga wannan wurin.

Zan iya sayar da waƙar?

Tsarin kyauta na Suno bai yarda da kasuwanci ba, sai na biya. A Yunin 2024 kamfanonin waƙa na Sony da Universal da Warner sun maka Suno da Udio a kotu kan horar da manhaja da waƙoƙinsu, kuma a Janairun 2025 ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya ce rubuta umarni kaɗai ba ya mayar da mutum mai waƙa. Don haka ka adana baitocinka da asalin muryar da ka ɗauka, da kwanan wata, kuma kada ka kwaikwayi muryar wani mawaƙi sai da izininsa a rubuce.