Kafin a ɗebi ruwan ƙashin bayan majinyaci don bincike: abin da dokar Kamaru ta tanada

Akwai ciwon ƙwaƙwalwa da garkuwar jikin mutum ce da kanta ke haddasa shi. Wanda aka fi sani shi ne mai kai hari kan mahaɗar NMDA (wani sashe da ke karɓar saƙo a jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa), wanda likita Josep Dalmau da abokan aikinsa suka bayyana a 2007. Ya fi kama 'yan mata da yara: a ga yarinya lafiya lau ta fara sambatu, barci ya ƙaurace mata, sai farfaɗiya. A gidajenmu na Garwa da Marwa, iska ake fara zargi. Ciwon yana jin magani, amma wani babban nazari na 2013 kan majinyata 577 ya nuna wajen 12 cikin 100 yakan dawo musu cikin shekara biyu. Shi ya sa masu bincike ke auna ƙwayoyin garkuwa a jini da ruwan ƙashin baya, ko za su gane wanda ciwon zai waiwaya.

To, nan doka ta shigo. Dokar Kamaru mai lamba 2022/008 ta 27 ga Afrilu 2022 ita ke kula da binciken likitanci a kan ɗan Adam. Ba a fara bincike sai kwamitin ɗa'a ya duba shi, hukuma ta ba da izini. Ba kuma a sa mutum ciki sai an yi masa bayani ya amince don ransa, kuma yana da ikon janyewa.

Inda na fi jin tsoro shi ne lokacin da ake neman amincewar. Mai wannan ciwo sau da yawa ba ya cikin hayyacinsa ranar da aka sa shi ya kwanta a gefe ya naɗe gwiwa, aka soka allura a ƙasan bayansa. Uba ko miji ne ke tsaye a bakin gado, hankali a tashe, an miƙo masa takarda da Faransanci. Sanarwar Helsinki ta 1964, wato ƙa'idojin ɗa'a na likitocin duniya kan bincike a kan ɗan Adam, wadda aka sabunta a 2024, ta yarda wakilin da doka ta sani ya amince a madadin wanda ba zai iya ba. Amma idan an sa majinyaci cikin binciken da gaggawa, wajibi ne a koma a nemi yardarsa da zarar ya farfaɗo. Ajiye samfurin, wato jini ko ruwan da aka ɗiba, don wani binciken gaba ma yana buƙatar amincewa.

Don haka kafin ka dangwala yatsa, ka tambaya: wannan ɗibar ta magani ce ko ta bincike? Ina za a kai samfurin, Yawunde ko ƙasar waje? Ka nemi a bayyana maka da Hausa ko Fulatanci, ka karɓi kwafin takardar. Idan ka ce a'a, babu wanda yake da hurumin taɓa maganin da ake ba 'yarka.