Buguwa ba yarda ba ce

An daɗe ana cewa ɗalibar da ta sha giya ta bugu, duk abin da ya same ta ita ta jawo. Yawancin masu faɗin haka ji suka yi ana faɗa.

Giya tana dusashe tunani, har takan hana ƙwaƙwalwa riƙe abin da ya faru. Wadda harshenta ke sarƙewa, ƙafafunta ba sa ɗaukarta, ba ta cikin hayyacin da za ta ce "na yarda". Shirunta ma ba amsa ba ce. Wanda ya kusance ta a haka fyaɗe ya yi, ko da shi ma ya sha. Galibi kuma wanda ta sani ne.

Ku karanta dokar makarantarku kan cin zarafi, ko ku tambayi likita. Don Allah a tura wa ɗalibai wannan bayani.