Boru a garke: amsoshin da na sha maimaitawa

Duk lokacin da boru, wato ciwon baki da kofato na dabbobi, ya ɓulla a rugagen kewayen Zariya, tambayoyin nan dai ake kawo mini.

Yaya zan gane shi?
Zazzaɓi, dalalar miyau, ɗingishi, da ƙuraje masu ruwa a harshe, tsakanin kofato da kan nono.

Dokin da nake hawan Sallah da shi zai kamu?
A'a. Boru na masu rababben kofato ne: shanu, tumaki, awaki, aladu. Akwai wata cuta mai kama da shi da ke kama doki da saniya duka, ƙudaje masu cizo ke yaɗa ta, amma a nahiyar Amurka take. In ka ga gyambo a bakin doki, fara duba linzami.

Na yi musu allurar teramaisin, ba su warke ba.
Sau nawa zan faɗa? Ƙwayar cutar bairos ce ke kawo boru, kuma teramaisin ba ya kashe bairos. Amfaninsa kawai hana gyambon ruɓewa. Wanke kofaton, kada tsutsa ta shiga, ka ba su dusa jiƙaƙƙiya.

A sha nonon?
A tafasa tukuna.

Ta warke, in kai ta kara?
Nan ne ba na yanke magana kai tsaye. Bakin yakan warke cikin kamar mako 2, kofato ya fi daɗewa. Amma dabba kan fara yaɗa cutar tun kafin ƙurajen su fito, kuma cutar kan yi kwana 2 zuwa 14 a ɓoye. Wato wadda kake gani lafiya lau a gefenta, wataƙila ita ce mai ɗauke da shi. Saboda haka ba daga ranar da taka ta warke za ka fara ƙirga ba, sai daga ranar da dabba ta ƙarshe a garken ta kamu, kuma ni nakan ce a ƙara makonni a kai. Na san akwai bashi, akwai kuɗin abinci. In ya zama dole, gara ka sayar wa mahauci maimakon mai kiwo, kuma likita ya fara gani. Amma Alhaji, ka ji tsoron Allah, kada ka tura ta mashaya ɗaya da shanun mutane.

Na yi rigakafi, suka kamu.
Nau'insa 7 ne, kuma an samu O, A, SAT 1 da SAT 2 a Najeriya. Rigakafin wani ba ya tare wani, ƙarfinsa ma kamar wata 6 ne. Je asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, a ɗauki samfur, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom na tantance nau'in.

Maraƙina ya faɗi ya mutu, ba ko ƙurji.
Allah ya mayar da alheri. Zuciya yake kamawa a ƙanana, ba sakacinka ba ne. Raba sauran da masu ciwon yau, ka ba su tafasasshen nono.